Manhajar da ke rubuta manhaja tana buƙatar mai duba ta

A 1977 Brian Kernighan da Dennis Ritchie suka fitar da m4 a Bell Labs da ke Amurka. Aikinta shi ne musanya rubutu: a ba ta gajeren suna da dogon rubutun da yake wakilta, duk inda ta ci karo da sunan sai ta sauya shi. Da haka mai tsara manhaja zai rubuta layi kaɗan, ta fitar masa da shafuka na harshen C.

Ga matashin da ke koyon wannan sana'a a Birnin Kudu ko Gwaram, inda wuta ba ta da tabbas kuma data ke cin aljihu, m4 abar so ce. Ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta na ɗaukarta, kuma da zarar an girka ta ba ta neman intanet. A Debian ko Ubuntu, umarnin sudo apt install m4 ya wadatar. Bayan haka m4 shiri.m4 > shiri.c zai samar da fayil ɗin da gcc za ta harhaɗa.

Sai dai m4 ba ta san C ba, haruffa kawai take jerawa. A ce an umarce ta da mayar da NINKI(x) zuwa x*x. Idan aka rubuta NINKI(2+3), abin da zai fito shi ne 2+3*2+3, wato 11 maimakon 25, kuma gcc ba za ta ce uffan ba. Kamar mazubin bulo ne: in ya karkace, duk bulon da aka buga da shi a karkace zai fito. A manhajar lissafin magani a asibiti ko ta kuɗin taki a ƙungiyar manoma, irin wannan kuskure kan mutane yake faɗawa.

Akwai haɗarin da ya fi wannan. A ƙarshen Maris na 2024, Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya lura cewa shiga kwamfuta ta SSH ya ƙara jinkiri da kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi sawu sai ya gano ɓoyayyar ƙofa a xz 5.6.0 da 5.6.1. Abin da ke kunna ta yana cikin fayil mai suna build-to-host.m4, irin fayilolin da ba kasafai ake karantawa ba domin an ɗauka aikin inji ne.

Wannan bai zama dalilin guje wa m4 ba. Abin da ya wajaba shi ne a girka ta daga ma'ajiyar hukuma ta tsarin da ake amfani da shi, a kewaye kowace ƙima da baka biyu, sannan a buɗe shiri.c a karanta kafin a harhaɗa. Malamin da ya koya wa ɗalibi samar da C bai koya masa karanta abin da ya fito ba, rabin darasi ya bayar. Ranar da lissafi ya ɓaci, wanda ya miƙa aikin za a tuhuma.