Jirgin da Roba ke Tuƙawa

Duk mai ganin jirgin sama mai roba wasan banza ne, ya tuna da Alphonse Pénaud. A 1871 wannan Bafaranshe ya murɗa igiyar roba, ya haɗa ta da farfela a bayan ɗan jirginsa, ya sake shi a lambun Tuileries na birnin Paris, ya yi tafiyar kusan mita 40 cikin daƙiƙa 11. Abin wasa mai roba irin ƙirarsa mahaifin 'yan'uwan Wright ya kawo musu gida a 1878, su kuwa suka tashi da jirgi mai inji a 1903. Abin da ya fi burge ni shi ne jirgin ba ya rufa wa maƙerinsa asiri. In nauyi ya rinjaya gaba, sai ya kifa. In ya koma baya, sai ya ɗaga kai ya faɗo. Dole yaro ya manna ɗan laka a hanci, ya lanƙwasa jela kaɗan, ya sake gwadawa. Kayan ba su da yawa: katako mara nauyi, siririyar takarda, gam da roba. Yaranmu masu ƙera motar kara suna da hannun aikin tuni. Malaman kimiyya na firamare su ware masa sa'a guda a mako, da sassafe kafin iska ta taso.