Ƙara sabar a Legas ko gina wata a Kano? Mai POS a Ɗambatta ke ɗanɗana amsar

Duk mai POS a Ɗambatta ko Kunci ya san wannan yanayin: manomi ya sayar da gyaɗa, mai saye ya tura kuɗi, waya tana ta juyi, alat bai shigo ba. Eriyar garin ake ɗora wa laifi. Amma wani lokacin matsalar tana can nesa, a rukunin sabar ɗin da ke karɓar saƙon, kuma yawancin manyan cibiyoyin adana bayanai na Najeriya a Legas suke.

Idan masu amfani da manhaja suka ƙaru, zaɓi biyu ke gaban kamfani: ya ƙara injuna a rukunin da yake da shi, ko ya gina wani daban a wani gari. Na farkon ya fi araha, tunda ma'aikatan nan ne, janaretan nan ne. Sai dai cunkoso kawai yake magancewa. Sabar ɗari a gini ɗaya wuta ɗaya suke sha, hanya ɗaya suke bi, kamar hatsin shekara a rumbu ɗaya ranar gobara. A ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, girman rukuni bai ceci wanda hanyarsa ta yanke ba.

Galaxy Backbone, kamfanin gwamnatin tarayya, ya ɗauki zaɓi na biyu. Yana da cibiya a Abuja, ya gina wata a Kano, aka ƙaddamar da ita a Janairun 2023. Wannan daidai ne.

Amma rukuni na biyu ba wasa ba ne. A Oktoban 2024 Kano da jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda babu wutar lantarki, ga zafin bazara da ke sa na'urar sanyaya ɗaki shan dizal. Abin da ya fi wannan wuya shi ne daidaita bayanai. Haske a cikin wayar fayiba yana cin kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya, don haka zuwa Legas da dawowa ya kai milisakan 10 ko fiye, kuma duk cinikin da sai ɓangarorin biyu sun tabbatar zai jira hakan. Idan layin tsakaninsu ya yanke, kowanne na iya ɗaukar kansa shugaba, a kashe naira dubu biyar ɗin mutum sau biyu. Shi ya sa ake ajiye ƙaramar sabar ta uku a wani wuri, ta zama mai raba gardama.

Matashin da manhajarsa ba ta wuce 'yan dubban mutane ba, ya ƙara inji, ya riƙa ajiye kwafin bayanansa a wani gari. Kamfanin da ke riƙe da kuɗin manoman Makoɗa da Tsanyawa kuwa, ya kamata ya biya kuɗin dizal ɗin Kano.