Abin da gonakin Gezira suka koya mini game da talaucin ƙasa

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in tofa albarkacin bakina kan tambayar da ta daɗe tana damun masana da talakawa: me ya sa wasu ƙasashe suka ci gaba, wasu kuma talauci ya yi musu katutu? Daga Maiurno nake rubuto maka, kusa da Sennar a ƙasar Sudan, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa bayan an kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, a Burmi cikin 1903. Ni tsohon malamin makaranta ne, jikan masu tsinkar auduga a Gezira. Duk bayanin da masana suka kawo, da waɗannan gonaki nake auna shi, domin gani ya kori ji.

Wasu masana, irin su Jeffrey Sachs na Amurka, suna ɗora laifin a kan yanayin ƙasa: zafi, cututtuka da nisa daga teku. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don mun sha fama da zazzaɓin cizon sauro da tsargiya a bakin magudanan ruwa. Amma Gezira shimfiɗaɗɗiyar baƙar ƙasa ce mai albarka tsakanin rassan Nilu biyu, ruwa yana gangarowa gona da kansa ba tare da injin ba. Tun da aka gama madatsar Sennar a 1925, aka kuma ƙara yankin Managil daga baya, filin noman ya haura fadan miliyan 2 (fadan shi ne ma'aunin gona a Sudan). Ranar da ta gasa mu lokacin da auduga ke riƙe da baitulmalin Sudan, ita ce dai take gasa mu yanzu da gonaki suka bushe. Ashe ba daga rana matsalar take ba.

Wasu kuma suna cewa halin mutane ne, wai ƙyuya da rashin tattali. Wannan magana tana yi mini ciwo. Kakanninmu da ƙafa suka taso daga Sakkwato, Kano da Katsina da niyyar aikin Hajji, suna yada zango suna ƙwadago shekara da shekaru don su tara guzuri. Da hannunsu aka yi shuka, aka yi noma, aka tsinke auduga tun asuba har la'asar. Wanda ya ga tafin hannun kakata ba zai ƙara kiran talaka malalaci ba.

Bayani na uku ya fi kusa da abin da muka gani. A 1950 Raul Prebisch, ɗan ƙasar Ajantina, ya nuna cewa mai sayar da ɗanyen kaya yana sayen sarrafaffe kullum shi ne a ƙasa. Turawan Ingila sun kafa aikin Gezira ne don masaƙun Lankasha su samu auduga. Ribar kuwa kashi 40 na gwamnati, 40 na manoma, 20 na kamfanin Turawa da ke tafiyar da aikin. Mai tsinka ba ya cikin lissafin, ladan tsinka kawai yake karɓa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Sai dai kamfanin ya tafi a 1950, Sudan ta samu 'yancin kai a 1956. In har Bature kaɗai za mu ci gaba da zargi, yaushe za mu tambayi namu shugabannin?

Nan ne na ga ƙarfin maganar Daron Acemoglu da Simon Johnson da James Robinson, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2024. Sun ce arzikin ƙasa yana rataye ne da tsarin mulki da doka: shin an gina su don kowa ya ci gumin goshinsa, ko don 'yan tsiraru su tatsi jama'a? Mai hawasha a Gezira, wato manomin da aka yanka wa gona, shekaru da dama ba shi ke zaɓen abin da zai shuka ba, ba shi ke sayar da audugarsa ba; mufattishi, wato jami'in duba gonaki, ke ba da umarni. Mutanen kambo kuma, wato mazauna sansanonin 'yan ƙwadago, Hausawa da 'yan Darfur da sauransu, an haife su a gefen gona, sun haifi 'ya'ya a nan, amma yawancinsu ba su da takardar ko taƙi ɗaya. Wa zai dasa itace a filin da za a iya korarsa gobe?

Da aka fara fitar da man fetur a 1999, hankalin hukuma ya bar gona. Laka da ciyawa suka toshe magudanai. Dokar 2005 ta bar wa manomi zaɓin abin shuka, amma ta same shi ba ruwa a kan kari, ba bashi mai sauƙi. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man, sai aka waiwayo aka tarar rumbu ya rushe. Koriya ta Kudu ba ta da kogi kamar namu, ba ta da fetur, amma a 1950 ta raba gonaki ga masu nomansu, ta cika makarantu da yara, sannan ta kafa masana'antu.

Rashin tabbataccen haƙƙi a kan ƙasa ba talauci kaɗai yake haifarwa ba, har da jini. Mun binne 'yan'uwa a rikicin jihar Bulunayil na 2022. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya ci birnin Wad Madani a Disambar 2023, manoma suka gudu suka bar amfani a gona.

Roƙona ga duk wanda zai sake gina Gezira shi ne kada ya tsaya a yashe magudanai. A ba mutanen kambo takardar gida da gona. A bar manoma su zaɓi wakilansu, su ga lissafin kuɗin ruwa da idonsu. A gurza audugarmu, a kaɗa ta, a saƙa ta a nan gida. 'Yan'uwana na Najeriya, ku ma ku tuna manoman Bakolori da aka harbe a 1980 saboda neman diyyar gonakinsu, ku kuma sa ido a kan aikin noman rani na Kadawa. Madatsa tana tare ruwa, amma adalci ne ke kai shi gonar talaka. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Maiurno, Jihar Sennar, Sudan.