Motar ajiya ma tana da ranar juye

A Talata Mafara da Bakura da Maradun, yanzu ba abin mamaki ba ne ka shiga gida ka tarar da mota lulluɓe da tamfol a gindin darbejiya, ƙura ta kwanta mata. Mai ita malamin makaranta ne, ko ma'aikacin lafiya, ko ɗan fansho. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ya koma kan babur. Motar kuwa sai Juma'a, ko ɗaurin aure, ko idan rashin lafiya ta taso. Matsalar tsaro ma ta rage tafiye-tafiye: wanda a da yake zuwa Gusau ko Sakkwato duk mako, yau ba ya kama hanya sai ta zama dole. Idan ka tambaye shi yaushe rabon da ya yi wa motar juye, sai ya leƙa mita ya ce ai ko kilomita 2,000 ba ta ci ba, bakanike kuma cewa ya yi sai 5,000.

Ra'ayina shi ne wannan lissafi ya bar rabin ƙa'ida a baya. Duk motar da ake tayarwa, komai ƙarancin tafiyarta, kada baƙin manta ya wuce shekara guda a cikin inji. Wadda aikinta gajerun tafiye-tafiye ne a kan hanyar ƙasa, kamar yawancin namu, wata shida ya ishe ta.

Kamfanonin ƙera motoci kan ba da ma'auni biyu ne a tare, na nisa da na lokaci, su ce a bi duk wanda ya riga cika. Toyota, alal misali, a littafin yawancin motocinta na kasuwar Amurka, inda da yawa daga cikin 'yan Kwatanonmu suka fito, ta sa mil 10,000 ko wata 12 ga masu shan man sintetik. Idan kuwa ana bin hanya mai ƙura, ko ana yawan barin inji yana aiki mota na tsaye, sai ta rage zuwa mil 5,000 ko wata 6, wato kimanin kilomita 8,000. Mu sai muka riƙe kilomita muka watsar da watanni. To, motar da ke cin kilomita 40 a mako, a shekara 2,080 ke nan. Kafin ta kai 5,000 sai ta yi kusan shekara biyu da rabi da mai guda.

Me ke lalata man da ba a yi tafiya da shi ba? Na farko, ruwa. Duk litar fetur da inji ya ƙone tana haifar da kusan litar ruwa a matsayin tururi. Mafi yawansa kan fita ta salansa, shi ya sa ake ganin tana ɗiga da safe. Amma wani kaso kan kurɗa ta gefen fistin ya gangara inda mai yake. Idan an yi doguwar tafiya, mai ya yi zafi ya doshi digiri 100, ruwan sai ya koma tururi ya fice. Idan kuwa daga gida ne zuwa masallaci ko kasuwar Talata a kashe, man bai kai ga wannan zafi ba, ruwan yana nan ciki. Gobe a ƙara wani.

Na biyu, fetur. Inji mai sanyi yakan sha fetur fiye da kima, wanda bai ƙone ba kuma ya bi bangon silinda ya gauraye da mai ya tsinka shi. Na uku, ruwan nan idan ya haɗu da ragowar hayaƙi yakan zama asid mai cin ƙarfe. Masu sarrafa baƙin mai suna zuba masa sinadaran da ke kashe kaifin asid, amma sinadaran ƙarewa suke yi a hankali, kuma asid ɗin ba ya jiran a tayar da mota kafin ya yi aikinsa. Ƙarshen abin shi ne tsatsa da dagwalo mai toshe ƙananan hanyoyin da mai ke bi zuwa sassan inji.

A nan ne wata ɗabi'a tamu ke ƙara dagula lamari. Da yawa sun ɗauka kyautata wa motar ajiya shi ne a tayar da ita kowace safiya, ta yi minti biyar tana ƙugi a tsakar gida, a kashe. Wannan ɗumamawa tana zuba wa mai ruwa da fetur, ba ta kuma ba shi zafin da zai kore su, mita kuwa ba ta motsa ba balle ta ba da shaida. Ko batirin da ake yi dominsa ba ya samun cajin kirki a minti biyar. Ya fi amfani a bar ta ta huta, duk mako biyu a hau kwalta da ita a yi tafiyar kamar rabin awa, da rana, a hanyar da hankali ya kwanta da ita.

Yanayinmu ma ba ya yi wa mai sassauci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu ne, ga ƙurar hanyoyin karkara irin na Dakko da ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Bakolori. Ƙura mai laushi takan tsallake matatar iska idan ta tsufa, a cikin mai kuma aikin yashi take yi. Daga Maris zuwa Mayu zafin bazara kan haura digiri 40, zafi kuwa yana gaggauta tsufan mai. Damina kuma ta zo da laima. Abin da littafin mota ke kira yanayi mai tsanani, a wurinmu shi ne yanayin yau da kullum.

Akwai masu cewa wannan ɓarnar kuɗi ce, kuma maganarsu ba ta rasa tushe. Man da ke cikin galan a rufe yakan yi shekaru bai lalace ba, kuma sintetik mai kyau a motar da ba a taɓa ta sam yana iya wuce shekara da sauran ƙarfinsa. A Turai da Amurka mai mota kan aika samfurin mai ɗakin gwaji a faɗa masa ko da saura. Mu ba mu da wannan a kusa, ga shi kuma jabun mai ya yi yawa a kasuwa, har ba kowa ke da tabbacin abin da aka zuba masa ba. Idan babu awo, kalanda ce mafi arhar kariya. Lita huɗu ko biyar da filta sau ɗaya ko biyu a shekara ba su kama ƙafar kuɗin sauke inji ba.

Haka kuma ban goyi bayan bakaniken da ke cewa a kawo mota juye duk wata ko duk wata biyu ba, alhali tana ajiye. Wannan zubar da mai ne da sauran amfaninsa. Launi ma ba hujja ba ne: mai kan yi baƙi don yana kwashe datti, wanda aikinsa ne, kuma yana iya zama garau a ido alhali ruwa da fetur sun cika shi. Abin lura ya fi launi. A zaro sandar awon mai sau ɗaya a wata. Idan yana warin fetur, ko ya ƙaru ba a ƙara ba, ko an ga wani abu kamar kindirmo a bayan murfin da ake zuba mai, lokaci ya yi ko da wata shida ba su cika ba. Idan kuma ruwan lagireto na raguwa tare da haka, matsalar ta wuce juye, sai an ga bakanike.

Domin kada a manta, gara a ɗaure juyen da yanayi. Na farko a ƙarshen hunturu, wajen Maris, a fitar da ƙurar da aka tara kafin zafi ya kankama, a duba matatar iska. Na biyu a ƙarshen damina, wajen Oktoba. Wanda motarsa ba ta barin kwalta, yake kuma ba ta doguwar tafiya a kai a kai da mai nagari, na Maris kaɗai ya wadatar. Kowane juye a sauya filta, a sayi mai a galan mai hatimi, a tsaya a ga an zuba, sannan a rubuta kwanan wata tare da kilomita a ajiye cikin mota.

Dalilin da ya sa na ɗauki wannan magana da muhimmanci ya wuce kuɗi. Motar ajiya a yankinmu ita ce motar gaggawa. Ita ake tayarwa idan haihuwa ta zo da gardama, ko dattijo ya yanke jiki, aka ce sai Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Ranar ce za a nemi injin da ya yi wata da watanni yana kwance ya yi gudu na sa'o'i, a hanyar da babu mai son tsayawa a gefenta yana jiran bakanike. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya kasa tuna watan da ya yi juyen ƙarshe, ya yaye tamfol ɗin nan a makon nan ya kai ta gareji.