Filin Mata: Mai Faɗin Ganye Ko Doguwar Ciyawa?

  

Makon jiya na sami takarda daga wata amarya a Wara. Ta ce watanta huɗu ke nan da tarewa, tsakar gidanta fayau, ba komai sai mangwaro guda a kusurwa. Ta ga hotunan gidajen Turawa a waya, shuke-shuke iri biyu suka ɗauke mata hankali. Ɗaya gajera ce mai faɗin ganye, kore da ratsin fari, ana ce da ita hosta. Ɗaya kuwa dogayen ciyayi ne na Amurka waɗanda ake dasawa don ado. Wani mai sayar da furanni a birni ya ce zai aiko mata da wanda duk ta zaɓa, ga shi kuwa ƙarshen watan nan ita za ta kwashi adashi. To, wanne za ta saya?

Amarya, riƙe kuɗinki, kada ki sayi ko ɗaya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Amma ba zan bar ki da tsakar gida fayau ba, sai ki gyara zama ki ji dalili.

Ita hosta asalinta Japan da Koriya da ƙasar Sin. Wani likita Bajamushe mai suna Siebold ya kai iri da yawa nata Turai daga Japan wajen 1830, daga nan ta bazu cikin gidajensu. Abu uku take so: inuwa, da ƙasa mai laima kullum, da sanyi. Ba kuwa irin sanyin hunturunmu ba, wanda kan sa mu jin wuta da asuba, kafin azahar mun tuɓe rigar sanyi. Tilas kowace shekara ta sami makonni na sanyin da ya kusa daskarar da ruwa, ganyenta ya mutu, ta yi barci cikin ƙasa, sa'an nan ta sake tohowa da ƙarfi. In ba ta sami wannan barci ba sai ta riƙa ramewa har ta mutu. Inuwa da ruwa kina iya ba ta, amma ina za ki samo mata wannan sanyi a ƙasar Ngaski?

Su kuwa ciyayin, daga manyan filayen tsakiyar Amurka suke, wajen Kansas da Ayowa, inda ɓaunayen ƙasar suke kiwo a da. Ga abin da zai ba ki dariya. Babbar ciyawar filayen nan masana sun sa ta gida ɗaya da gambarmu, sunan gidan nasu Andropogon. Watau abin da za ki ba da kuɗin adashi a kawo miki daga nesa, 'yar'uwarsa tana nan bayan gari, ita ce ma aka saƙa zanan da ya kewaye gidanku da ita.

Saboda haka tambayarki tana nan daram, sai dai mu mai da ita gida. Mai faɗin ganye tamu ita ce gwaza. Dogayen ciyayi namu su ne gamba da jema da ciyawar shayi mai ƙanshin lemo. Wanda zai raba miki gardama kuwa ba ni ba ce, tsakar gidanki ce. Ki ɗauki yini guda kina lura. Ina ne rana take dukawa tun hantsi har la'asar? Ina ne inuwar mangwaro da ta katanga take daɗewa? Ina ne ƙasa take zama da laima, kamar gindin randa da wurin alwala? Ina ne kuma ruwan sama yake bi yana zaizaye ƙasa? In kin san waɗannan huɗu kin gama rabin aikin.

Wurin da ke da inuwa-inuwa da laima, nan ne gidan gwaza. Ganyenta fankama-fankama, ruwa ya zuba a kai ya gangare kamar dutsen ado, ba abin da hosta za ta nuna mata wajen kyau. Ki nemi iri wurin masu lambu, ki tona rami, ki zuba taki wanda ya ruɓe sosai, ki dasa in ruwa ya zauna cikin watan Yuni. Bayan wata bakwai zuwa tara ga abin dafawa. Amma fa gwaza mashayiya ce. Tafki yana kusa da mu, gaskiya ne, sai dai ruwan da ke tafki ba shi ne ruwan da ke randa ba, sai an ɗauko. In ke ce mai ɗaukowa, gindi uku ko huɗu sun ishe ki, ki bar su su sha ragowar ruwan alwala da na wanke hatsi. Kada ki zuba musu ruwan wanki mai sabulu, kada kuma ki bari ruwa ya kwanta a wurin, don kwantaccen ruwa shi ne ɗakin haihuwar sauro.

Iyayen yara, ku kula da wannan. Ɗanyar gwaza, ganye da saiwa, tana da ƙaiƙayi mai tsanani a baki da maƙogwaro, sai ta dahu sarai ake ci. Akwai kuma wata mai kama da ita da masu furanni ke sayarwa, ganyenta da ɗigon ja da fari. Wannan ba a cinta, in yaro ya tauna bakinsa ya kumbura. Gidan da ke da mai rarrafe kada a shigo da ita.

Wurin da rana ke dukawa kuwa, ciyawa ce maganinsa. Ciyawar shayi ita ta fi dacewa da cikin gida. Ki roƙi maƙwabciya ta tsage miki ɗan gindi da saiwarsa, ki datse ganyen, ki dasa. Kafin kaka ta zama curi babba, ga ado ga ƙanshin shayin maigida. Da rani ki ɗan yayyafa mata ruwa lokaci-lokaci. Wasu kan ce tana korar sauro, to kada ki nannaɗe gidan sauronki saboda ita, ciyawar da ke tsaye a tsakar gida ba ta hana cizo.

Jema ta bakin fadama ce, saiwarta tana nutsawa ƙasa ƙwarai tana kama ta. Inda ruwan sama ke cin gindin katanga ko bakin ƙofa, ki dasa ta a jere kusa da kusa, tazarar da ba ta kai ɗani guda ba, a gicciye da hanyar ruwan. In ta haɗe sai ta tare ƙasa, ruwa ya tace ya wuce a hankali.

Gamba ita ce mai kyan gani in ta fid da kai da kaka, amma wurinta bayan katanga. Ta kan fi tsawon mutum nesa, in ta bushe kuwa wuta kawai take jira. An kai ta arewacin Ostareliya cikin shekarun 1930 don kiwon shanu, ta ƙwace ta cika daji, gobararta tana cinye har manyan itatuwa, har a 2012 suka sa ta cikin jerin miyagun ciyayin ƙasarsu. Mu abin da ya cece mu, muna yanke ta mu yi zana, dabbobi kuma suna ci. Saboda haka kada ki dasa ta kusa da madafa, ko rumbu, ko ɗakin jinka. Da ta soma bushewa cikin Nuwamba a yanke. Kowace ciyawa kuma ki riƙa share gindinta, don duhuwa ita ce masaukin maciji da kunama.

To amarya, in kin ce in zaɓa miki guda, na zaɓi ciyawar shayi, don ba ta cin kuɗi, ba ta cin ruwa da yawa, kuma ko kin je ganin gida kwana bakwai za ki tarar da ita. In kin ga hannunki ya saba, baɗi ki ƙara gwaza a gindin randa. Ki shawarci maigida tukuna, ki kuma tambayi uwar mijinki. Lokacin da aka gama madatsar Kainji a 1968 aka ta da mutane kamar 44,000 daga gungu da bakin kogi, aka kai su sababbin garuruwa. Kakata takan ce ranar da suka sauka ba inuwar da za a shimfiɗa tabarma a gidansu, da tulu ta raini dogon yaron da muke zama ƙarƙashinsa yau. Tsofaffin nan sun san abin da ƙasar nan take karɓa da abin da take ƙi.

Ku kuma 'yan makaranta ga aikinku na wannan mako. Kowace ta zana tsakar gidansu a takarda, ta sa alama inda inuwa take da hantsi, da azahar, da la'asar. Ta nuna wa mahaifiyarta, su zaɓi wuri guda da za su dasa abu bana. Ku rubuto mini abin da kuka dasa da yadda ya yi.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.

Taku,
'Yar'uwarku Malama