Ɗakin Haya a Cikin Gajimare

A shekarar 1990 Tim Berners-Lee ya ɗora shafin yanar gizo na farko bisa kwamfuta ƙirar NeXT a cibiyar bincike ta CERN. Yau ɗalibin sakandare yana iya yin irin wannan aiki ba tare da mallakar babbar na'ura ba, domin kamfanoni irin su Amazon suna ba da hayarta a "gajimare".

Gajimaren nan ba a sama yake ba. Manyan kwamfutoci ne da ake rarraba ƙarfin kowace zuwa ƙananan kwamfutocin kwaikwayo, tamkar ɗakunan gidan haya. Mai haya yakan zaɓi Linux, ya girka manhajar Apache, ya buɗe ƙofofi masu lamba 80 da 443 domin baƙi, ya riƙe mabuɗin ta 22 shi kaɗai, ya rufe sauran.

A ganina, wajibi ne ƙungiyar kimiyya ta kowace makaranta ta gwada wannan da hannunta, ta ɗora sunayen itatuwa da tsuntsayen yankinta. Wanda ya tsaya ga Facebook kawai, baƙo ne a gidan wani.

Sai dai malamai su lura: kuɗin haya yana tafiya muddin na'urar tana kunne, ko ana amfani da ita ko ba a yi.