Majigi Ya Jira Mai Wasa

Dattawan ƙasar Katsina ba su manta da majigi ba. Bayan da aka kafa ma'aikatar shirya finafinai ta ƙasashen mulkin mallaka a Ingila cikin 1939, ƙarƙashin William Sellers, motocin majigi sun yi ta zaga garuruwa. A kan kafa farin ƙyalle a fili, a nuna tsabta da noman auduga, mai bayani yana tsaye da lasifika yana fassarawa da Hausa. In hoto ya yi sauri, tilas shi ma ya yi sauri. Watau mutum ke bin na'ura.

A Turai ma an daɗe ana gama hoto mai motsi da wasan kwaikwayo. A babban baje kolin birnin Brussels na 1958, Alfred Radok da Josef Svoboda sun nuna wasan da suka kira Laterna Magika, sunan da asalinsa ɗaya da majiginmu. Nan ma 'yan wasa ne su ke auna takunsu da gudun fim.

Yau abin ya juya. Akwai manhajoji irin su QLab, wadda kamfanin Figure 53 na birnin Baltimore a Amurka ya yi, inda a ke jera hotuna da sauti bi da bi a kwamfuta. Mutum guda ya zauna yana duban 'yan wasa, da zarar an faɗi kalmar da aka shirya, sai ya danna, hoto ya fito. In yaro ya manta maganarsa, ko 'yan kallo suka tsawaita dariya, hoton yana nan yana jira.

Mu a ganinmu, ya kamata malaman makaranta, daga Riko har Jibiya, su karɓi wannan dabara. Gani ya kori ji. Yaran da ke wasa a kan rigakafi ko zaizayar ƙasa, in aka haska abin a bayansu daidai lokacin da su ke faɗarsa, darasin zai fi zama a zukatan iyaye.

Amma fa da sharaɗi uku. Na farko, mai dannawa ɗan wasa ne kamar kowa. Lalle ya halarci kowane gwaji, ya san wasan da ka. Na biyu, a ajiye hotunan cikin na'urar tun kafin ranar, kada a dogara ga intanet. Mutanen Jibiya sun tuna Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda tsaro. A kuma shirya wasan yadda ko wuta ta ɗauke zai ci gaba. Na uku, kada hoto ya zama mafakar malalaci. Mun ga yadda waɗansu mawaƙa su ke tsayawa gaban jama'a suna motsa baki kawai, na'ura tana yi musu waƙar. In wannan ɗabi'a ta shiga makarantu, za mu yaye yaran da ba su iya buɗe baki a taro ba.

Saboda haka muna roƙon shugabannin makarantu da ma'aikatan ilmi su koya wa malami ko da guda wannan aiki, su kuma tabbatar linzami ya zauna a hannunsa.